Ranar Da Na Ja Taliyar Sin a Garbadu

Kwana goma sha ɗaya kacal na yi a ƙasar Sin, amma da na dawo Garbadu sai da na shekara ina magana kamar a can aka binne cibiyata.

A watan Oktoba na 2019 na bi maigidana na kasuwar waya, muka hau jirgin Habasha daga Kano, muka yada zango a Adis Ababa, muka sauka Guangzhou, garin da har gobe bakina Gwanzu yake iya kiransa. Shi ya je sarin caja da batura, ni na je riƙon jaka. Da yake babu wanda ya nemi shaida, a majalisarmu ta gindin dalbejiya labarin ya koma "mun je duba kamfanonin da muke hulɗa da su".

Kwana biyun farko biskit da ruwan shayi suka riƙe ni, don duk tukunyar da na hanga sai in ga kamar alade ne a ciki yana kallona. Ran na uku maigidana ya gaji da kukan cikina, ya ja ni wani lungu a unguwar Xiaobei, inda baƙar fata 'yan kasuwa suke cincirindo. Ya nuna mini wasu haruffa biyu a saman ƙofar wani shago, ya ce ana karanta su "cingjan", ma'anarsu halal, duk inda na gan su in shiga in ci da bismillah. Mai shagon Musulmi ne ɗan ƙabilar Hui, da farar hularsa kamar ladanin garinmu. Matarsa na yanka ganye da ɗankwali a kanta, yaransa biyu na rubutun makaranta a teburin ƙurya. Shagon na ɗauke da sunan Lanzhou, wato Lanjo a bakina, babban birnin lardin Gansu, can arewa maso yamma, inda taliyar da yake sayarwa ta yi suna. Daga baya na gane da yawa daga masu irin waɗannan shaguna ma daga gundumar Hualong ta lardin Qinghai suke fitowa. Wato shi ma ɗan ci-rani ne kamata, ya kwaso iyali daga ƙasar sanyi da duwatsu ya kawo su garin zafi da gumi, abincin gidansu yake ciyar da su, shi kuma yake sayarwa ya biya haya.

Abin da na gani a hannun mutumin nan shi ya jefa ni a wahala. Ya yanko curin kwaɓi kamar damtsen yaro, ya kama bakinsa biyu, ya buɗe hannu, kwaɓin ya bi shi kamar danƙo. Ya ninka ya sake ja, sili biyu suka zama huɗu, huɗu suka zama takwas. A ninki na bakwai, in ka iya lissafi, sili 128 ke nan, kowanne siriri kamar zaren saƙa, ya watsa su a tafasasshen ruwa tun kafin in gama gyara zama. Ba inji, ba wuƙa. Sunanta lamiyan, wato taliyar ja. An ce wani Musulmi mai suna Ma Baozi ne ya daidaita irin wannan kwano a Lanzhou a 1915, kuma sharuɗɗansa biyar ne: romon naman sa ya zama garau, a ga farin wata saiwa mai kama da karas da suke yankawa fale-fale, a ga jan man barkono, a ga koren ganye, taliyar kuma ta yi ɗorawa-ɗorawa. Na ci kwano biyu, na ɗauki bidiyon daƙiƙa arba'in a wayata, na fito ina ganin na gama koyon sana'a. A Lanzhou makarantu ne sukutum ake buɗewa don koyar da jan taliyar nan kawai. Ni daƙiƙa arba'in ta ishe ni, da yake Allah ya yi ni da kaifin ƙwaƙwalwa.

Da na dawo, duk ranar da mai ɗakina ta kawo taliya da mai da yaji, sai in ɗaga sili ɗaya in girgiza kai, in ce, "Allah sarki, da kun ga ta Lanjo." Ta haƙura wata da watanni. Wata rana ta ajiye kwanon a gabana, ta durƙusa cikin ladabin da na san akwai ƙaya a ƙarƙashinsa, ta ce, "Malam, ga murhu ga icce. A nuna muna ta Lanjon, mu ma mu ƙaru."

Mai hankali dariya zai yi ya ci abincinsa. Ni kuwa sai na sa rana, har na gayyaci 'yan majalisa biyar, cikinsu da taubashina, wanda tun muna yara bai taɓa barin kuskurena ya kwana bai kai shi kasuwa ba.

Ranar Talata na hau babur zuwa kasuwar Mafara. Na sayi ƙashin sa da ƙirji, da citta, da kanumfari, da masoro, da barkono tsidugu mai yawa. Farar saiwar nan na zagaye kasuwa ban samu ba, sai na yi ijtihadi: sharaɗi dai ya ce fari, rogo kuma fari ne. Ganyen ma na musanya shi da lansir. Sai batun gari. Fulawar kanti na gabana, amma na ce a'a, abin asali sai da kayan asali. Mu da muke maƙwabtaka da madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 da burin a noma alkama da shinkafa a wannan fadama tamu, a ce na yi taliya da garin buhu? Na auni alkama tsaba, na kai inji aka niƙa mini ita da dusarta da komai. Abin da ban sani ba shi ne, danƙon da ke cikin alkama shi ke sa kwaɓi ya miƙe, dusa kuwa tsinka wannan danƙo take yi kamar reza. Mutumin Gwanzu da farar fulawa mai ƙarfi yake aiki. Ni na fara rushe ginina tun daga tubali, ina murna.

Laraba da hantsi na shiga madafi, na naɗe hannun riga. Matan gida suka jeru a inuwar rumbu kamar masu kallon dambe. Kakata, wadda idonta ya rage amma bakinta bai rage ko kaɗan ba, ta sa aka kawo mata tabarma gaba-gaba. "Yau mijina zai yi mini girki," in ji ta, "in na mutu ku shaida."

Romon dai, in faɗi gaskiya, na iya shi. Na wanke ƙashi, na tafasa na zubar da ruwan farko, na sake ɗorawa a wuta kaɗan-kaɗan, ina tsaye da ludayi ina kwashe kumfa har awa uku. Ya fito garau, kana hango gindin tukunya. Wannan nasara ce ta ƙara kumbura mini kai na tunkari kwaɓi.

Na taɓa jin cewa sirrin mutanen Lanzhou wani ruwan toka ne da suke samu daga ƙona wata ciyawar daji, suna ɗan shafa wa kwaɓin don ya yi laushi ya ba da kala. Na ce ashe abin gida ne, mu da muka gaji kanwa. Su ɗigo suke sawa. Ni na ɗauko jar kanwa guda kamar ƙwan zabo, na jiƙa, na juye duka. Kakata ta ji ƙarar dakan, ta ce, "Kai, wagga kanwa ta doki ce ko ta mutane?" Na ce mata, "Kaka, wannan ilimi ne daga nesa." Ta ce, "Awo, daga nesa kam."

Kwaɓin ya yi wani launi tsakanin kore da ruwan ƙasa, yana warin sabulun salo. Ashe ana murza shi ne har kafaɗa ta gaji, a shafa mai, a rufe a bar shi ya huta, a dawo a sake murzawa. Duk wannan an yi shi ne da asuba a bayan shago, kafin ni da wayata mu iso. Ni minti biyar na ba shi, na yanko curi, na tsaya tsakiyar gida inda kowa zai gani. Na ce wa yara su ƙirga tare da ni, za su ga yadda biyu ke zama huɗu.

Na buɗe hannu da ƙarfi irin na mutumin. Kwaɓin bai bi ni ba ko taƙi ɗaya. Ya tsinke ɓat, rabi ya tsaya a hannun hagu, rabi ya tashi sama ya faɗa bayan akuyar Inna, ta zabura da shi ta yi zaure. Yara suka ce, "Biyu!"

Na sake curawa, na ja a hankali. Ya tsinke. Na ƙara ruwa, ya manne mini a yatsu har gwiwar hannu. Na ƙara gari, ya koma kamar tubalin laka. Na tuna mutumin yana buga nasa a kan tebur, sai na buga nawa a bayan turmi, ya fallatsa mini a gemu. Na ce a kunna mini bidiyon, ɗana ya riƙe wayar a gaban fuskata, muka kalla sau shida. Mutumin yana murmushi yana ja, kamar da ni yake. Mai ɗakina ba ta yi dariya ba, Allah ya saka mata, sai dai na ga ta cusa bakin zane a baki, kafaɗunta na rawa.

Don in huce haushi na koma kan man barkono, wanda a ganina ko yaro zai iya. Su Sinawa suna barin mai ya ɗan sauka daga zafi kafin su zuba a kan garin barkono, barkonon nasu ma ƙamshi ya fi yawa a cikinsa. Ni na bar man gyaɗa a wuta har ya fara hayaƙi, na kwara shi a kan tsidugu rabin kwano. Abin da ya tashi daga kwanon nan ba zan kira shi hayaƙi ba. Cikin ƙiftawar ido gidan ya kaure da tari da atishawa, jariri ya tsala ihu, kaji suka watse, aka ɗauke Kaka da tabarmarta aka yi waje da ita. Maƙwabcinmu ya leƙo ta kan katanga yana hawaye, ya ce, "Lahiya dai? Aljani kuka kora?"

Da ƙura ta lafa na koma wurin romona, abu ɗaya da ya rage mini na mutunci. Na buɗe tukunya na tarar da shi baƙi ƙirin yana ƙamshin da na sani tun ina goye. Inna na tsaye gefe tana goge hannu. Ta ce, "Na ga romon naka ya yi fari fat kamar mai jinya, shi na marmasa mai daddawa ukku. Ba a ba baƙi ruwan wanka." Uwa ce, me zan ce? Na ce, "An gode, Inna."

La'asar ta yi, baƙi na zaure suna gyaran murya. Mai ɗakina ta matso ta yi ƙasa da murya: "Malam, ko a tsittsinka shi a jefa a ruwa haka nan?" Na yi shiru irin na mai nazari, sannan na ce dama akwai wani salon Sinawa da ake yi haka. Akwai ɗin kuwa da gaske, amma ba shi na nufa ba, ita ma ta sani. Muka tsittsinka muka jefa, gudajin suka taso saman ruwa ɗaya bayan ɗaya. Na zuba a kwanuka, na jera rogo, na yayyafa lansir, na ɗiga baƙin man nan da ya ƙone. Har tsinken tsire na tanada bibbiyu, don a ci yadda ake ci a can.

Taubashina ya daɗe yana kallon kwanon. Ya soki guda da tsinke ɗaya, ya ɗaga shi sama ya juya, ya tauna, ya runtse ido. Sai ya ce, "Ikon Allah. Mutum ya hau jirgi biyu, ya ƙetare teku, ya koyo ɗanwake." Wani ya ciji rogon ya ce wannan karon kam an yi wa rogo kallon kitse da hujja. Amma suka cinye, don yunwa ba ta san Lanjo ba, kuma romon Inna, in ban da son kai, ya yi daɗi.

Kanwa ba ta yafe ba. Wajen ƙarfe ɗayan dare na ji ciki ya juya, na fito da sauri na tarar da ƙanena tsaye a ƙofar bayi da buta, ɗana na bayansa da tasa butar. Babu wanda ya gai da wani. Da asuba sahun masallacinmu ya yi giɓi biyar, liman har yana tambaya ko an yi tafiya ne.

Da hantsi na fito a sanyaye, na tarar da Kaka a tabarmarta da 'yar tasa a cinya. Ta sa an tankaɗe sauran garin alkamata sau biyu an fitar da dusar, ta kwaɓa tun da safe da ɗan gishiri ta rufe. Tana tsinkar kwaɓin kaɗan-kaɗan tana murzawa tsakanin yatsu, sili na faɗowa kan faifai siriri, kusan duk tsayi ɗaya, ko kallon hannunta ba ta yi. Taliyar murji ce, wadda na ci tun ina yaro ban taɓa tsayawa na ga yadda ake yin ta ba. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ɗago ba, ta ce, "Ɗan Lanjo, cikin ya lafa? Ɗauko wayar taka ka ɗauke ni, in ka koma ka nuna ma mutumen."