A Duba Haƙoran Gidauniya

Ku bi mutuminmu zuwa kasuwar dabbobi ta Gummi ranar da zai sayi akuya. Zai buɗe mata baki ya ƙirga haƙora, ya latsa ƙugu, ya ɗaga wutsiya, ya tambayi haihuwarta nawa, ya yi fushi ya tafi har sau biyu dillali yana jawo shi da riga. Sai rana ta take sannan a sallama masa. To shi dai wannan mutumin, da ya koma gida ya buɗe WhatsApp ya ga hoton yaro yana kuka da lambar asusu a ƙasa, kafin ruwan shayi ya tafasa ya tura dubu goma. Bai san sunan yaron ba, bai san garinsu ba, bai ma san ko hoton daga Yaman aka kwaso shi ba. Akuya ta sha bincike, sadaka kuwa cinikin biri a sama.

Masu gidauniya sun gano wannan lagon namu tuntuni. Ita gidauniya a wajenmu tsiro ce mai damina uku: azumi, bala'i, da kakar zaɓe. Da ɗaya ta kama sai ka ga Gidauniyar Alhaji Wane ta yi toho da dare ɗaya, da ƙyallen sanarwa wanda kuɗin buga shi ya ninka kuɗin abin da za a raba. A tara zawarawa da marayu tun hantsi a rana, a jira mai ɗaukar hoto har la'asar. In ya iso, ƙarti goma sha biyu su kama ƙullin gero tiya biyu, kowa na neman inda zai ɗora yatsa. A ce da tsohuwa ta ɓata rai a ɗauka, a ce ta yi murmushi a sake ɗauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma mai yawo da hoton masallaci a leda. Wani da na sani, tun ina firamare masallacinsa yake a linta. Na yi aure, na aurar, masallaci na nan a linta. Shi dai mai hoton ya rufa wa nasa gidan kwano, har da fenti. Rannan na yi ƙarfin hali na ce, "Malam, a wane gari masallacin nan yake?" Ya dube ni sama da ƙasa kamar na taka masa sallaya, ya ce, "Mi ya kai ka bincike, Alhaji? Kai dai ka ba da don Allah." 'Yan majalisar hirarmu suka mara masa baya, ni na zama mai raunin imani, na kuma biya tarar naira ɗari biyar don in wanke kaina.

A nan gizo ke saƙar. Mun mai da tambaya rowa, mun mai da rufe ido tawakkali. Alhali aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa masu cin zakka kashi takwas, ɗaya bayan ɗaya, kuma mai ƙyallen sanarwa ba ya ciki. Da ba a son a tantance, da ba a lissafa ba. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha ma tana da ofis a Gusau, da ƙofar da mutum zai ƙwanƙwasa ya ce ina aka kwana. Gidauniyar Wane kuwa ofishinta aljihun Wane, ma'ajinta ƙanin matarsa. In ka matsa sai a zaro maka takardar rajista ta CAC. Ita wannan takarda kamar takardar haihuwa ce: tana shaida an haife ka, ba ta shaida an yi maka tarbiyya.

Abin dariyar, mu mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin yadda taimakon gaskiya yake, don mun gan shi da ƙura a fuska. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a 'Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare na ƙasar Anka. Dutsen zinaren da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje ashe cike yake da dalma, ƙurarsa ta bi ƙasar tsakar gida, yara masu rarrafe suna kai ta baki. Aƙalla yara 400 suka rasu. Likitocin nan na-gari-na-kowa, MSF, su suka fara gano abin, suka kafa wurin jinya. Maganin kuma ba ya aiki in yaro zai koma kan ƙasar da ta sa masa guba, don haka sai da aka bi gida gida aka kankare ƙasar aka zubo sabuwa. Aiki ne na shebur da baro, ba ya kyau a hoto. Likitocin suka zauna a kan jinyar har 2022 kafin su miƙa wa gwamnatin jiha. Shekara goma sha biyu ke nan, tsawon ran gidauniyar zaɓe uku.

Bagega kuwa, wadda ita ma gubar ta shafa, sai da ta jira. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin aikin a 2012, kuɗi suka maƙale a Abuja, yara na zaune kan guba. Wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa Follow The Money, suka dame kowa da tambaya ɗaya: ina kuɗin? A farkon 2013 aka sake su, aka share Bagega, aka fara ba yara magani. Tambayar da majalisarmu ke kira raunin imani tana cikin abin da ya ceci yaran nan. Da sun bi fatawar mai hoton masallaci, da Bagega ma tana linta.

Saboda haka in mai gidauniya ya sallama maka, ka amsa da fara'a, ka ba shi tabarma, sannan ka buɗe wa gidauniyar baki. Asusun nan da sunan wa yake, na ƙungiya ko na wani Wane? Bara me kuka yi, a wane ƙauye, wane liman ko mai unguwa zan kira ya shaida? Da ambaliya ta rusa gidaje a Gummi a watan Agustan 2024, kuna ina? Waɗanda katangunsu suka faɗi suna nan da ransu, sun san wanda ya zo da siminti da wanda ya zo da kyamara. Mai gaskiya zai ce taso mu je ka gani, har ya zuba maka mai a babur. Wanda ya hau faɗa kuwa ka bar shi, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

In duk wannan ya yi maka wahala, akwai gidauniyar da ba ta buƙatar bincike. Tana bayan katangarka: matar nan da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensu, ta shigo Anka da 'ya'ya biyar da tukunya ɗaya. Ba ta da lambar asusu, ba ta da ƙyalle, rahotonta na shekara shi ne hayaƙin murhunta, kuma kai shaida ne yau kwana biyu bai tashi ba. Aibinta ɗaya ne tak, shi ya sa muke tsallake ta mu tura wa Wane: in ka kai mata tiyar gero, babu wanda zai ɗauke ka hoto.