Kek Ba Ƙwai, da Sauran Wahalhalun da Muke Saye da Kuɗinmu

Akwai wata wahala da ba ta samun mai jin yunwa, sai wanda ya ƙoshi har ya sami rarar data a waya. Mutum ya kwana lafiya, gari ya waye ya yanke shawarar ya daina cin duk abin da ya fito daga jikin dabba: ba nama, ba kifi, ba ƙwai, ba nono, ba man shanu, har zuma ya yafe wa ƙudan zuma kayansu. Ni ba niyyar nake yi wa dariya ba, domin tana da tarihi. A watan Nuwamban 1944 wani malamin koyar da aikin kafinta a Ingila, Donald Watson, ya haɗu da wasu abokan ra'ayinsa suka kafa ƙungiyar Vegan Society, kuma sai da ya kai shekara 95 a duniya, wato dai ganye bai kashe shi ba. Tun kafin shi, makahon mawaƙin Sham, Abul Ala al-Ma'arri, wanda ya rasu a 1057, ya ƙaurace wa nama da nono da ƙwai da zuma. Abin dariyar shi ne hanyar da mu 'yan boko muke bi idan wannan sha'awa ta kama mu. Ina da'awar cewa tukunyar Bahaushe ta daɗe da iya wannan girki, abin da ya rage mana koyo bai fi abu biyu ba, kuma su biyun ne muke tsallakewa mu tafi neman wahala.

Masifar tsarinta ɗaya ne a ko'ina, kuma daga kasuwa take farawa. Bawan Allah zai kwafo jerin kayan haɗi daga bidiyon wata baiwar Allah da ke girki a Kalifoniya: kinuwa, madarar almon, 'ya'yan ciya. Zai shiga Dawanau, kasuwar hatsin da 'yan kasuwa ke zuwa daga ƙasashe maƙwabta su yi lodi, ya ratsa tsakanin buhunan wake da gero da riɗi da waken suya da gyaɗa, yana nuna wa masu awo hoto a waya. Wani dattijo zai duba hoton da kyau, ya ɗebo acca a tafin hannu ya ce, "Alhaji, ai ga ta nan." Shi kuwa zai girgiza kai cikin tausayin jahilcin tsoho, ya wuce babban kanti mai sanyi, ya ba da kuɗin tiyoyin wake ya karɓo ƙunshin da bai cika gwangwanin madara biyu ba. Kinuwa abincin manoman tsaunukan Peru da Bolibiya ne, kuma su ma don ita ce ke fitowa a gonarsu suke cin ta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata shekarar 2013, gaskiya ne, amma ita Majalisar ta ba wake da danginsa 2016, ta kuma ba gero da danginsa 2023. Abincin da duniya ta yi wa bikin shekara guda, shi mutuminmu ya tsallake da takalminsa.

Daga kasuwa sai kicin, inda ake yin babban yaƙi, wato kek ba ƙwai. Ƙwai aiki uku yake yi a kek: ya haɗe ƙullu, ya riƙe iskar da aka buga, ya daskare idan ya ji zafi. Turawa sun sha fama kafin su sami madadinsa, har a 2014 wani mawaƙi Bafaranshe, Joël Roessel, ya gano cewa ruwan da ke cikin gwangwanin wake yana kumfa idan an buga shi. Mutuminmu ba shi da irin wannan gwangwani, sai ya tsiyayi ruwan waken da aka dafa da kanwa don abincin rana, ya kunna na'urar bugawa, wuta ta ɗauke, ya koma bugu da cokali har kafaɗa ta sage. Abin da zai fito daga tanda ƙasansa gawayi ne, tsakiyarsa ƙullu, launinsa kamar tubalin da ruwan sama ya doka. Gwaggo za ta gutsura saboda zumunci, ta tauna a hankali, ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, amma wa ya ce maka ana sa wa ɗan wake sukari?" Alhali ita wannan Gwaggo tun tana budurwa take buga ƙullun ƙosai har ya tashi ya yi sakayau, ta ɗiga shi a ruwa ta ga ya taso, ba ƙwai ko ɗaya. Waina da funkaso da kwanan ƙullu suke tashi. Ɗan wake garin kuka ne ke riƙe shi. Ilimin da mutumin ya ƙone datarsa yana nema yana zaune a tsakar gida bisa tabarma, yana jan carbi.

Mai hankali zai ce, to an ji, girki ya yiwu, amma ina mutum zai sami ƙarfi ba nama? Tambaya ce mai kyau, kuma lissafi ke amsa ta. Masana abinci sun ƙiyasta cewa baligi na buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 70 yana neman giram 56. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Inda gizo ke saƙar shi ne furotin hatsi yana da ƙarancin wani sinadari mai suna laisin, wanda wake ke da shi a wadace, shi kuma wake yana da ƙarancin metiyonin, wanda hatsi ke cike masa. Maganin shi ne a haɗa su a cikin abincin yini. To a duba mana: koko da ƙosai, shinkafa da wake, kunun gyaɗa, dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, tuwon dawa da miyar da ta ji daddawar kalwa. Kakanninmu ba su shiga ɗakin gwaji ba, amma kowane haɗi a cikin waɗannan daidai yake da abin da littafi ya ce. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye mata, kuma wanda ke shakkar ƙarfin garau-garau ya je ya gwada kokawa da ɗan dakon da ya karya da shi. Ga kuma awara, wadda mutanen Sin suka shafe ƙarnuka suna ci, Turawa na saye da tsada, mu kuwa yara ke tallarta a bakin makaranta. Sai dai mai wannan aƙida ya tsaya a kan mai suya ya zuba ido, don kafin ya gama bayanin falsafarsa ta riga ta tsoma awarar a ruwan ƙwai, domin ta ga alamar mai kuɗi ne.

Sinadarin ƙarfe mai ƙara jini shi ma akwai shi a wake da ganyaye, amma na tsiro jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi irin na nama. Bitamin C na taimaka masa, shayi kuma na tare shi. Saboda haka wanda ya cinye kwanon wake ya bi shi nan take da shayi mai kauri ya yi aikin baban giwa, gara ya matsa lemon tsami a kwaɗonsa, ko ya sha ruwan garin 'ya'yan kuka, wanda ke cike da bitamin C, ya jinkirta shayin zuwa anjima. Riɗi da zogale da kuka na ba da sinadarin ƙarfafa ƙashi, manja na ba da abin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, gishiri mai aidin na tsare maƙoƙo. Kanwa ma a rage hannu, don tana saurin nunar da wake amma tana lalata bitamin B1. Duk wannan gyaran hannu ne a tukunyar da muke da ita, ba ya buƙatar fasfo.

Yanzu ga abu na farko da ya kamata mu koya da gaske, kuma a nan dole in sauke murya, domin masu suka suna da gaskiya. Bitamin B12 babu shi a tsiro ta hanyar da za a dogara da ita. Ƙwayoyin bakteriya ne ke samar da shi, mu kuma muna samunsa ta nama da kifi da ƙwai da nono. Abin da baligi ke buƙata a rana ɗan mitsitsi ne, maikurogiram 2.4, amma rashinsa na kawo ƙarancin jini, da kasala, da mutuwar tafin ƙafa da yatsu, da mantuwa, kuma idan ya daɗe yana iya lalata jijiyoyi. Mugun halinsa shi ne hanta na ajiye shi na shekaru, don haka mutuminmu zai daɗe yana cika baki a majalisa cewa bai taɓa jin daɗin jikinsa irin yanzu ba. Ranar da ƙafa ta fara gindi-gindi, ba wanda zai tuna da kwanon abinci. Inna za ta ce sammu ne, Kawu zai ce iska ce, a kawo hayaƙi da rubutu, alhali ƙwaya ce 'yar ƙarama a kemis. Zogale, duk da kirarin da ake yi masa, ba ya maganin wannan. Kakannin da nake yabo ma ba tsiro zalla suke ci ba: akwai fura da nono, akwai busasshen kifi a miya, akwai fara, akwai naman Sallah. Wanda ya cire waɗannan duka, wajibi ne ya sha ƙwayar B12 ko ya ci abincin da aka ƙara wa shi, mai ciki da mai shayarwa da ƙananan yara kuwa kada a fara da su sai da shawarar likita.

Abu na biyu shi ne kayan zaƙi, inda ake yaudarar kai da hujja mai daɗi. Mutum zai cinye rabin kek ya shafa ciki ya ce ai ba ƙwai a ciki. To fulawa fa, da sukari, da mai? Rake ma tsiro ne, kuma ciwon sukari ba ya tambayar aƙidar mutum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kimanin giram 50, ƙananan cokula 12, har da wanda ke cikin zuma da lemon kwalba. A nan ma gida ya fi. Dakuwa aya ce da gyaɗa, kantu riɗi ne, kowanne na ɗauke da mai da furotin bayan zaƙin. Kunun aya da dabino da kwakwa ba ya neman sukari sam, kuma irinsa ne mutanen Balensiya ta Sifen suke alfahari da shi suna sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Ba ina cewa namu duka magani ba ne. Alkakin da ya kwana yana iyo a ruwan sukari ba shi da abin da zai faɗa wa kek, kuma gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, sai a tsince ta kafin a daka. Amma mai neman zaƙin da ke da ɗan amfani, farantin 'yar talla ya fi kusa da shi.

Saura sukar da ta fi kowace nauyi a wurinmu, wato ta zaman jama'a. Ana ragon suna, ana layya, kuma akwai ranar da suruka za ta yanka zakaran da take ji da shi saboda zuwan mijin 'yarta, shi kuma ya buɗe kwano ya ce, "Hajiya, a gafarce ni, ni tsiro nake ci." Kafin la'asar labari ya kai ƙauye uku cewa ko dai ya talauce ko ya shiga wata ƙungiya. Amsata ita ce barin cin abu daban, haramta shi daban, kuma wanda ya bar nama don lafiyarsa ko aljihunsa bai ce wa kowa yanka laifi ba ne. Ba kuma dole ne a ɗauki abin gaba ɗaya ko a bar shi gaba ɗaya ba. Kiristocin Habasha mabiya cocin Otodoks suna barin nama da nono da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a da lokacin babban azuminsu, sauran ranaku su ci abinsu, kuma daga nan suka sami miyar wake da ganye iri-iri da duniya ke yabawa. Mai son ya rage nama ya rage, mai son ya bari ya bari, ya nemi ƙwayar B12, ya ƙirga cokulan sukarinsa, sauran karatun ya je ya durƙusa gaban Gwaggo ya ɗauka. Zakaran suruka kuwa, a ra'ayina a ci shi a yi godiya, domin har yau masana ba su gano bitamin da ke gyara auren da aka ɓata a kan cinyar kaza ba.