Ƙamus Mai Bukatar Tafinta

Tun 1975 masana kwamfuta na jami'ar Stanford a Amurka suka fara tattara zaurancensu a wani kundi mai suna Jargon File, wanda Eric Raymond ya sabunta, ya fito a littafi a 1991. Yau mai amfani da tsarin sarrafa kwamfuta na Debian yana iya girka shi a na'urarsa, ya riƙa tambayar ma'anar kalma da umarnin dict a baƙin allon nan da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Sai dai kafin ƙamus ɗin ya sauka, dole ka rubuta sudo da apt, kalmomin da su ma zaurance ne. An kulle ɗaki ke nan, makulli yana ciki. In ka nemi agajin gwanaye kuwa, su ce maka RTFM, wato je ka karanta littafin bayani, da ɗan ashar a tsakiya.

Wani zai ce ai ga Google nan, wahalar ta mece ce? Yana da gaskiya. Amma ƙamus ɗin da ke zaune cikin na'urarka ba ya cin data, kuma ba ya kai wa kowa rahoton cewa har yanzu ba ka san ma'anar kalmar kludge ba.