Mu Masu Neman na Kanmu da Katin Asibiti

Mu dai da ba mu da albashi, telan unguwa da mai shayi da ɗan Adaidaita da Hajiya mai sayar da atamfa a cikin gida, akwai zancen da ba ma son a ɗauko mana, shi ne zancen ciwon da bai zo ba. Ka ce wa mutum ya tanadi kuɗin asibiti, sai ya zaro ido ya ce, "Haba Malam, daina yi mana mugun fata, Allah ya raba mu da asibiti." Amin. Amma mutumin nan tun kafin azumi ya fara tarin kuɗin ragon Layya, uwargida kuma tana zubin adashi biyu, ɗaya na anko, ɗaya na kayan ɗakin yarinyar da ko firamare ba ta gama ba.

In ciwon ya zo kuma, kowa ya san hanyarmu. Kemis ake fara zuwa, a ce, "Haɗa min na ɗari biyar." Shi kuma ya ɗauko almakashi, ya yanko fari biyu, ja ɗaya, ya ƙara da kafso, ya ƙulle a 'yar leda. Duk zazzaɓinmu maleriya ce da taifot, in ya ƙi tafiya shawara ce, sai a jiƙa sassaƙe. Sai an kwana huɗu shago a rufe, maƙwabta sun fara leƙowa, sannan a nemo mota. Ciwonmu kuwa biyu ne a lokaci guda, domin ranar da ma'aikaci ya kwanta albashinsa na tafiya, ranar da tela ya kwanta keke ma ya kwanta, cefane ya tsaya.

A nan ne fa ba a kai mu ba. Kafin Isha'i takardar likita ta isa hannun liman, an yi sanarwa, an shimfiɗa ɗankwali a ƙofar masallaci. Zauren dangi na WhatsApp ya ɗauki wuta, wanda ke Legas ya turo, wanda ke Saudiyya ya kira. Akuya ta tafi kasuwa, ɗankunnen zinare ya bi bayanta. 'Yan dubiya kuwa sai sun cika ƙarƙashin gado da filas ɗin kunu da lemo da kankana, alhali kuɗin ƙarin ruwa bai cika ba. Wallahi zumuncin nan abin alfahari ne, sai dai yana zuwa ne bayan wuri ya ƙure, kuma gida ɗaya kan shekara yana biyan bashin jinyar mako biyu. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, aljihun nan kuwa namu ne.

Da yawanmu har yau gani muke katin inshora na ma'aikatan gwamnati ne kawai. Da gaskiyarmu, don tun da aka fara shirin NHIS a 2005 su ya fi rufewa, ma'aikaci da matarsa ɗaya da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Amma an buɗe ƙofa. A watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, kuma akwai tsarin GIFSHIP da mutum zai shiga shi kaɗai, ko da iyalinsa, ko a ƙungiyance, ya biya na shekara guda. Jihohi ma suna da nasu, KSCHMA a Kano tun dokar 2016, KADCHMA a Kaduna. Marasa ƙarfi kuma, kamar masu juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi, akwai asusun da dokar lafiya ta 2014 ta tanada musu.

To sai mu fara kawo dalilai. Wani ya ce yana shakkar halaccin inshora, shi ya sa a Kano aka gina tsarin a kan taimakekeniya, kowa ya zuba, wanda ya kwanta a yi masa magani. Wani ya ce, "In shekara ta ƙare ban yi ciwo ba fa, kuɗina ya tafi?" Ɗan'uwa, ai abin godiya ne, kuma kuɗin ya yi wa matar wani tiyatar haihuwa, irin gudunmawar da kake bayarwa a ƙofar masallaci ba tare da ka nemi a dawo maka da ita ba. Dalili na uku shi ne mai nauyi: masu kati suna kukan dogon layi, da a ce musu maganin ya ƙare su je waje su saya. Wannan kuka gaskiya ne, kuma haƙƙinmu ne mu kai ƙara ga hukuma, abin da ƙungiya ta fi mutum ɗaya iya yi.

Ƙungiyoyin kuwa muna da su birjik, daga 'yan Kantin Kwari zuwa masu gyaran waya na Farm Centre, ga littafin zubi a hannun ma'aji, ana karɓar kuɗin rasuwa da na suna ba a fashi. Shafi ɗaya za a ƙara. Sai dai a sani ba a fafe gora ranar tafiya, bayan rajista akwai lokacin jira kafin kati ya fara aiki, don haka ba ranar naƙuda ake zuwa ofis ba. A tafi da lambar NIN, a zaɓi asibitin da ke kusa da gida, a tambayi abin da katin ya ƙunsa da wanda bai ƙunsa ba. Mai mata biyu da yara tara kuma ya tambayi kuɗin kowane kai tun a gaban tebur, kada a raba wa gida rigima.