Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Birkin Lantarki

Zuwa ga Mai Girma Birkin Lantarki,
Mazaunin Tayoyin Baya,
Ta hannun Ƙwaƙwalwar Mota.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka: ɗan injin da ke maƙale a bayan kalifa, da wayoyi, da fiyus, da jar fitilar nan ta dashbod mai yawan kai ƙara. Na zaɓi in rubuto ne don na lura ba ka sauraron duk wanda ya zo maka da sifana a hannu.

Bari in gabatar da kaina, tunda alamu sun nuna ba ka san ni ba. Ni ne wanda sunansa ke jikin takardun motar da kake zaune a ciki. Ni ke sayen mai, ni ke biyan inshora. Gyaran birki kuwa a jikin Peugeot 504 ɗin mahaifina na koya, irin na kamfanin Kaduna da ya fara harhaɗa motoci a 1975. A wancan zamani kakanka, hambirki, sanda ce da waya. Ka ja, ya yi ƙara, mota ta tsaya. In wayar ta saki a ɗaure noti, in ta tsinke a sayo wata. Bai taɓa tambayar kowa izinin wa ya zo da shi ba.

Ranar wata Asabar na shimfiɗa kwali a ƙofar gida don in canza fad. Na gaba ba su ba ni wahala ba. Na ɗaga mota da jak, na sa mata madogari, na cire taya, na kwance noti biyu, na rataye kalifa da 'yar waya don kada nauyinta ya ja tiyon mai. Tsohon fad ya siɗe har ya kusa ƙarfe. Sabo ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, don haka dole fistin ya koma cikin raminsa kafin a samu wuri. Na matsa shi a hankali, ina leƙen kwalbar man birki kada ta yi ambaliya, ya koma salin-alin. Da na zagayo baya sai na tarar da kai. Na taɓa fistin, ya yi kunnen uwar shegu da ni.

Na san dalili, kada ka ɗauka da jahili kake magana. A bayan fistin ɗin akwai wani sukuru mai kauri, ɗan injinka ne ke juya shi ta cikin ƙananan giyoyi, shi kuma ya tokare fistin ya danne faifan birki. Muddin sukurun bai ja da baya ba, fistin ba shi da wurin komawa. Wanda ya sa ƙarfi ya matse, zaren sukurun ko haƙoran giyoyin zai lalata, daga nan sai sayen sabuwar kalifa, wadda mai shago a Ƙofar Ruwa sai ya ba mutum kujera da ruwan sanyi kafin ya faɗi kuɗinta. To, duk wannan na yarda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne, kai da kanka ka iya janye sukurun nan cikin 'yan daƙiƙu, amma ka ce ba za ka yi ba sai kwamfuta ta roƙe ka.

Ƙofar roƙon tana ƙarƙashin sitiyari, wata soket mai ramuka 16 da Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a ƙasarta tun 1996. Ina da 'yar na'urar da ake sokawa a wurin. Tana karanta laifin inji, tana goge shi, amma da na ambaci sunanka sai ta ce ba ta san ka ba. Ashe kai sai babbar na'ura. Haka na kira wani yaro rewaya, wanda a haife na haife shi, ya zo a kan babur da allonsa a jaka. Ya dube ni baƙi ƙirin da ƙurar birki har gwiwar hannu, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba." Ya fara tambayar lafiyar batir, don in wuta ta yi ƙasa a tsakiyar aiki kana iya tsayawa rabi-da-rabi ka ƙi gaba ka ƙi baya. Sai ya soka waya, ya dangwala yatsa a allo, na ji tayoyin baya sun yi wani ɗan kuka, zuuu, suka yi shiru. Shi ke nan. Na tura fistin ya tafi ba gardama. Ya zauna a inuwa yana latsa wayarsa har na gama ɗaura fad, na canza siririyar wayar nan mai sanar da cewa fad ya cinye, sannan ya sake dangwalawa ka koma mazauninka. Kuɗin buɗewa daban, na rufewa daban. Ni na yi gumin, shi ya karɓi ladan, har da yi mini nasihar in taka birki sau da yawa ya yi tauri kafin in motsa motar, abin da na sani tun ba a yi auren iyayensa ba.

Kada ka ce makanikanmu ba su gano lagonka ba. Wasu kwance ɗan injin suke yi, su juya sukurun da hannu. Wasu kuma zare filoginka suke, su jawo wayoyi biyu daga batir su dangwala wa injin kai tsaye. In ya juya ta inda ba a so, su musanya wayoyin. Sau da yawa aikin yana yi. Amma a wasu motocin ƙwaƙwalwa takan farka ta ga ba inda ta bar ka kake ba, sai ta kunna fitila ta ƙi kashewa, a ƙarshe dai a koma neman mai allo. Ni ban ga laifin makanikan ba. Wanda aka rufe wa ƙofa ai taga zai nema.

Ina kuma tuna maka tarihin gidanku, don na ga kana tafiya da ƙasaita. Yayanka, wanda ake kira SBC, Mercedes-Benz da Bosch ne suka haife shi. Ya fara fitowa a motar SL a 2001, ya shiga E-Class a 2002. Shi ba hambirki ya karɓe ba, birkin ƙafa ya karɓe. Direba ya taka, na'ura ta auna takun, kwamfuta ta yanke yawan matsin da kowace taya za ta samu, daga wata ma'ajiya da famfo ke cika ta da mai a kan matsin da ya kai bar 140 zuwa sama, alhali iskar tayar mota ba ta cika wuce bar biyu da rabi ba. Gwani ne, ba musu: in ana ruwan sama yakan ɗan shafa fad a faifai don ya bushe, in direba ya ɗage ƙafa daga totur da sauri yakan matso da fad tun kafin a taka. Sai dai yana da wata ɗabi'a. Buɗe ƙofar mota kaɗai na iya tashinsa daga barci, ya gwada kansa, ya turo fistin waje, ko da yatsun makaniki na tsakani. Shi ya sa dole a kashe shi kafin a taɓa fad. A 2004 aka yi wa motoci kusan 680,000 kiranye saboda shi, a 2005 aka sake kiran kusan miliyan 1.3 kan matsalolin da suka haɗa da nasa, a 2006 kuma aka sallame shi daga E-Class. Wasu daga cikin motocin suna nan suna yawo a titunanmu, sun biyo ta Kwatano, a hannun mutanen da ba wanda ya ba su wannan labari.

Ba zan ci haƙƙinka ba. Ba ka da doguwar wayar da za ta yi tsatsa. A kan gangara kana riƙe mota gam, in an taka totur ka saki da kanka, ba irin na kakanka da mutum zai yi tafiyar gari guda da shi a ɗaure sai ya ji ƙauri. Amma ranar da batir ya mutu fa? Ka kafe tayoyi, matasan unguwa sun taru za su taimaka a gusar da mota daga bakin ƙofar maƙwabci, sai su tsaya suna kallonka, kai ma kana kallonsu.

Na san abin da za ka ce: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, mai motar alfarma ya je garejin alfarma. Wannan amsa a inda aka ƙera ka take da kyau, inda wakilin kamfani ke kowane gari. A can ɗin ma ba su haɗiye ta ba. A 2012 masu zaɓe a jihar Masacusets ta Amurka suka amince, da rinjayen sama da kashi 80 cikin ɗari, cewa dole kamfanonin mota su buɗe wa masu motoci da ƙananan garejoji bayanan gyara. Balle mu, da motar ke iso mana tana da shekara goma a duniya, littafinta da Jamusanci, in ma yana ciki. Halinka ya yi mini kama da na ɗan haya da ya canza kwaɗon ɗaki, ya ce in maigida na son shiga ya je ya nemo dillali.

Buƙatata ɗaya ce, kuma ba sabon abu na roƙa ba. Wasu 'yan'uwanka a wasu motocin sun riga sun sauko: ana sa su janye sukuru ta maɓallan sitiyari, ko ta allon mota, ko a danne totur da maɓallin birki a juya makulli. Ka yi koyi da su. Ka sa umarnin a inda hannuna zai kai, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a littafin mota, da gargaɗin duk da ya kamata. In ka ƙi, ina sanar da kai cewa ni da maƙwabta uku masu irin ciwona mun fara tara kuɗin babbar na'ura, kuma yaron rewaya ya yi alkawarin koya mana, a kan farashin da har yanzu muke ciniki.

Ka gaishe mini da ABS, shi dai bai taɓa yi mini rashin kunya ba.

Naka cikin ladabi na dole,
Mai motar, a takarda.