Katafilar Lambu

A Farcha, bakin kogin Chari, da mai lambu ya ga kuɗin salad sun taru sai ya fara mafarkin sayen ƙaramar katafila. Alhaji, sharar lambu aikin 'yan kwanaki ne, sauran shekara awaki ne za su mori inuwarta. In ƙarfe ɗaya ya karye, sai ka jira wani daga Duwala ya ratso Kamaru, ya tsallako gadar Ngeli. Ga kuɗin gas, ga direba, ga maƙwabta masu "ara mana yau kaɗai". Ɗauki haya, ka biya kuɗin yini, mai ita ya kwana da ciwon kai. Amma ka hanzarta: in Chari ya cika irin na 2022, hayar kwalekwale za ka koma nema.