Motar da ba ta shan mai

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wasu manya a Malali da Unguwar Rimi suka fara hangen motar lantarki. Ba mai, ba hayaƙi. Madalla.

Ga Porsche Taycan, alal misali. Babbar cikinsu kan kai gudun kilomita 100 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa 3. Inda za ta yi gudun ne ba a samo ba tukuna. A titin Ali Akilu da yamma, ita da Keke Napep tare suke isa Kawo.

Batirinta kuwa sai lallashi, kamar sabuwar amarya. Masana sun ce kada ya sauka ƙasa da kashi 20, kada kuma a riƙa wuce kashi 80. Ba ya son zafi. To, sai a sanar da watan Afrilu.

Sai batun caji. Ana jonawa, aka ɗauke wuta. Maigadi ya tayar da ƙaramin janareta, wanda zai yi kwana biyu yana ruri kafin gimbiya ta ƙoshi. Direba ya saɓi jarka, ya nufi gidan mai a ƙasa. Ita tana inuwa.

Alhaji mai motar dai yana nuna wa baƙi: "Ko ɗigon fetur ba ta taɓa sha ba." Kuma bai yi ƙarya ba.

Ranar da ta ƙi tashi, aka ɗauko wani gwani daga Panteka. Ya buɗe gaba, ya leƙa, ya ga wayam. Ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, sai haƙuri. An sace injin."